Bindigar Giwa Tana Harbi Gaba da Baya



Makon jiya na halarci wani suna a Maraɗi. Bayan an shafa fatiha an raba goro da dabino, sai wani Alhaji daga cikin manyan ƴan kasuwar garin ya jawo ni gefe, ya fiddo salularsa ya nuna mini hoto. Bindiga ce doguwa, kotarta ta katako mai sheƙi, da madubin hange ɗaure a bayanta. Ya ce, "Malam ɗan jarida, kai da ka yi lakwal, karanta mini abin da aka rubuta a jikinta. An ce mini ta giwa ce, kuma ina so in saya." Na matso da hoton, sai na ga 375 H&H a jikin ƙarfen. Na ce, "Alhaji, na san ta, har na taɓa harba ƴar'uwarta." Fuskarsa ta washe, ya ce, "To, me ka kashe?" Na ce, "Takarda na harba, ranka ya daɗe, ita ma ba kowane harbi ya same ta ba." Aka yi dariya, aka kawo abinci, maganar ta tsaya nan. Amma na yi masa alkawarin cikakkiyar amsa, ga ta kuwa, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan sha'awa ba.

Cikin watan Oktoba na 2022 ina Faransa wajen wani horo na ƴan jarida. Ranar wata Lahadi, wani abokin karatu ya kai ni gidan mahaifinsa a ƙauye. Tsohon ya haura shekara saba'in, ya daɗe yana aikin jagoran masu farauta a gabashin Burkina, kafin tsufa da rashin tsaro su maido shi gida. Da ya ji daga Nijar nake, sai ya gaishe ni da Gurmancin da ni kaina ba na ji. Bayan abincin rana ya ce mu tafi filin harbi na ƙungiyarsu, yana da bindigar da zai gwada wa saiti.

Filin ba wani abin kallo ba ne. Rumfa ce doguwa da teburori, gabanta fili shimfiɗe, ƙarshensa tudun ƙasa mai tsawo da ke shanye harsashi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun wurin da yawan ƙa'ida. An duba fasfona, an rubuta sunana cikin littafi, an ba ni abin toshe kunne da tabarau. Kowace bindiga tana kwance a buɗe, bakinta yana kallon tudu. In za a je duba takarda, sai a yi shela, kowa ya ja baya daga teburinsa, ba mai taɓa ko kwalin harsashi sai na ƙarshe ya dawo. Na tuna yadda ake wasa da bindigar toka a hawan salla, ana juya ta bisa kawunan jama'a, na yi shiru da bakina.

Tsohon bai miƙa mini babbar ba tukuna. Ya ba ni ƴar ƙarama, wadda ake kira 22, mai harsashi kamar ƙwayar gyaɗa, ya ce in harba goma a nisan mita 50. Na harba, duka suka shiga takarda, da yawansu kusa da baƙin tsakiya. Zuciyata ta ce ashe abin ba wuya. Sai ya buɗe doguwar jaka.

Bari in tsaya in bayyana wa Alhaji abin da ya ce in karanta masa. Haruffan H&H sunan kamfanin Holland & Holland ne na birnin Landan, wanda ya fito da wannan harsashi a 1912. Lambar 375 kuwa kaurin dalmar ce a ma'aunin Ingila, a namu milimita 9 da rabi. Harsashin gaba ɗaya, da kwansonsa, ya kai santimita 9, ya fi babban yatsan hannun mutum tsawo. Dalmar da aka fi amfani da ita tana da nauyin giram 19, tana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa ɗaya, fiye da ninki biyu na gudun sauti. Don a gane, dalmar Kalashnikov giram 8 ce, kuma ƙarfin da ta 375 ke ɗauke da shi ya kusa ninka nata sau uku. Duk da haka, a cikin dangin bindigogin manyan namun daji ita ce ƙarama. Sama da ita akwai 416 Rigby ta 1911, mai dalmar giram 26, da 458 Winchester ta 1956, mai giram 32. A ƙasashe irin su Tanzaniya, 375 ita ce mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a tunkari ɓauna ko giwa da shi. Ta tsohon ƙirar Brno ce ta tsohuwar Cekoslobakiya, mai sakata da ake ja da hannu bayan kowane harbi, kamar MAS 36 ɗin da iyayenmu suka sani a hannun sojan da. Nauyinta ya ɗara kilo 4. Katakon ya yi baƙi da gumin shekaru, ba ta da sheƙin ta cikin salular Alhaji.

Ya hana ni zama a teburi. Ya ce wanda ya zauna ya jingina, jikinsa ba ya da inda zai ja baya, shi zai shanye dukan duka. Ya kafa sanduna uku da aka ɗaure kawunansu, irin waɗanda ake amfani da su a daji, ya ɗora gaban bindigar a kai. Ya gyara mini ƙafa, ta hagu gaba, nauyina bisa kanta. Ya cusa gindin bindigar cikin kwarin kafaɗata, ya ce in jawo ta jikina kamar mai riƙon ɗan rago ranar layya, kada a bar ko ƴar kafa tsakani, domin in aka bar mata fili sai ta ɗauko gudu kafin ta iso. Sa'an nan ya auna faɗin tafin hannunsa tsakanin idona da madubin, ya nuna mini wani tsohon tabo mai siffar jinjirin wata a girarsa, bai ce komi ba.

Hausa ta riga kowa sanin wannan al'amari, da ta ba bindiga da jaki kalma ɗaya. Bindiga tana harbi, jaki ma yana harbi. Duk abin da ya tura dalma gaba, shi ne ke turo bindiga baya, sai dai da yake bindigar ta fi dalmar nauyi sau ɗari biyu da wani abu, gudunta bai kai nata ba. Amma ƙarfe da katako na kilo 4 da suka taso da gudun kusan mita 5 a daƙiƙa, kafaɗarka ce birkinsu.

Na ja numfashi, na saki rabi, na matsa kunama a hankali yadda ya koya mini. Ba zan ce na ji zafi ba a harbin farko. Abin da na ji shi ne kamar wani ƙato ya bangaje ni a kasuwa bai waiwaya ba. Bakin bindigar ya tashi sama, takarda ta ɓace mini, ƙarar ta bi ta ƙirjina da haƙorana duk da abin toshe kunne. Tsohon ya duba da madubinsa ya ce, "Yatsa biyu daga baƙi. Ɓauna ta faɗi." Na ja sakata, kwanso ya yi tsalle yana hayaƙi, na ji kaina kamar Sarkin Dawa.

Harbi na biyu ya sauka can ƙasa, gefen takarda. Na uku ko takardar bai taɓa ba, sai ƙura muka gani ta tashi a gindin tudu. Na ce wataƙila saitin ya goce. Tsohon ya karɓa, ya harba ɗaya a tsaye, ramin ya fito cikin baƙi. Ya ce, "Saiti lafiyarsa lau, ɗana. Juya mini baya in ɗura maka."

Na juya, ya ɗura, ya miƙo mini. Na gyara tsayuwa, na auna, na matsa kunama. Sai na ji ƙyas, ba ƙara, ba hayaƙi. Ashe harsashin wofi ya sa, wanda ba albarushi cikinsa. Amma ni, da wannan ƙyas ɗin, na riga na runtse ido biyu, na tura kafaɗa gaba, bakin bindiga ya duƙa kamar mai ruku'u, har sandunan suka motsa. Abokina ya juya yana dariya. Tsohon bai yi dariya ba, ya tambaye ni, "Wa ya ture ka?"

Ba wanda ya ture ni. Na daɗe ina tunanin wannan tambaya, kuma ita ce dalilin rubutun nan. Dalma tana barin bututun bindiga cikin abin da bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba, kafin jiki ya san an yi wani abu. Saboda haka ba dukan bindiga ke sa a kuskure ba, jiran dukan ne. Harbin farko jikina bai san abin da ke zuwa ba, shi ya sa ya tsaya. Daga na biyu ya koya, ya fara kare kansa tun kafin kunama ta saki, ba tare da ya shawarce ni ba. Da an tambaye ni, sai in rantse idona biyu a buɗe suke. Lissafin kuma ba ya da tausayi: in bakin bindiga ya goce da milimita 5 kawai, a nisan mita 50 dalma za ta kauce da kusan taƙi guda. Wurin da ake so a samu a jikin ɓauna, wato zuciya da huhu, bai fi faɗin faifai ba. Taƙi guda daga tsakiyarsa, ka bar kisa ka koma raunatawa.

Muna shan gahawa bayan an rufe bindigogi, tsohon ya gaya mini yadda suke yi a sansani. Duk baƙon da ya zo, komi kuɗinsa, komi yawan labarin da ya zo da shi, ranar farko sai ya harbi takarda. Ana cewa don a duba ko jirgi ya gotar da saiti ne, amma gaskiyar ita ce mutumin ake dubawa. Ya ce wanda ya fi ba shi tsoro shi ne mai sabuwar bindiga mafi girma, wadda ya saya wata ɗaya kafin tafiya, yana tsoronta bai sani ba. Irin wannan ne ke harbin ɓauna a ciki ko a cinya. Ita kuwa ba ta faɗuwa, sai ta shige ciyawa mai tsawo ta laɓe tana jira. Dole a bi ta, domin ba a barin dabba mai rauni kusa da gonaki da makiyaya. Wanda ke gaba wajen bin jinin shi ne mai bin sawu, ɗan ƙauyen da ke kusa, kansa sunkuye yana duban ƙasa, sau da yawa ba komi a hannunsa sai sanda. Mai kuɗin yana baya, wani lokaci ma ya koma mota. Tsohon ya ce a duk shekarunsa bai taɓa yin barci mai kyau ba daren da aka kwana da ɓauna mai rauni a daji.

To, Alhaji, ga tambayata, da girmamawa. Ran da ka harba ka raunata, wa zai shiga gaba? Na san amsar, kai ma ka sani. Direbanka ne, ko yaron shagonka, ko wani manomi da bai san an yi harbi ba, ya fito da safe zai je gona.

Maharbanmu na gargajiya ba su jahilci wannan ba. Mai harba-ka-ruga ya san harbi ɗaya gare shi, sunan bindigar ma ya gaya masa abin da zai yi in ya kuskure, shi ya sa yake rarrafe sai ya ji numfashin dabba. Wanda ya ga fim ɗin Jean Rouch na 1965, La Chasse au lion à l'arc, a kan maharban Gow na yankin Yatakala masu kashe zaki da baka da kibiya mai dafi, ya ga yadda ake daɗewa ana shiri kafin a saki kibiya ɗaya. Rouch ɗin nan shi ne ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, kabarinsa yana Yamai. A wurin waɗannan mutane, yaro yakan yi shekaru yana ɗaukar kwari da gora a bayan ubangidansa kafin a yarda ya ɗana. Kuɗi ya zo ya gajarta hanyar mallakar makami, bai gajarta ta koyonsa ba.

Sa'an nan, me ya rage da za a harba? Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta zakunan Afirka ta Yamma gaba ɗaya kusan 400, mafi yawansu cikin dazuzzukan W da Arli da Panjari, tsakaninmu da Burkina da Benin. Ɓangarenmu na W gandu ne tun 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, ba a farauta cikinsa. Raƙuman dawa na Kure sun ragu har zuwa 49 a 1996, da ƙyar aka farfaɗo da su suka haura 600, har aka kai takwas Gadabeji a 2018. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 tana nan da jerin dabbobin da ta haramta taɓawa. Ban da wannan duka, mutumin da aka gani yau da doguwar bindiga mai madubi a dajin Tilaberi ko kan iyakar Madarunfa, ba wanda zai tsaya tambayarsa ko ɓauna yake nema.

Amma kada a ce na ce ƙasar nan ba ta bukatar irin wannan bindiga. Tana bukata, kuma a nan maganata ta koma kan ma'aikata. Cikin Nuwamba 2014, dorina ta kifar da jirgin ruwa a kogin Isa kusa da Yamai, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara. A 2017 kuma, mutanen yankin Ayoru da suka gaji da ɓarnar gonaki suka kashe dorina aƙalla 27 cikin ƴan watanni. Abu biyun nan tushensu ɗaya. In dabba ɗaya ta zama annoba, ba a samu wanda zai cire ta da harbi ɗaya mai tsabta ba, jama'a za su ɗauki abin a hannunsu, su kashe mai laifi da marar laifi, su raunata wasu su bar su cikin ruwan da yara ke ƙetarewa zuwa lakwal. Namijin dorina yana kai tan ɗaya da rabi, ya wuce ma. In yana cikin ruwa, abin da ake gani ido ne da kunne da hanci, wurin da za a auna bai fi tafin hannu ba. Dalma mai laushin kai, wadda ke buɗewa cikin nama, ba ita ake so a ƙashi mai kauri irin wannan ba, sai dunƙulalliya mai ratsawa. Wannan aikin ma'aikacin gandun daji ne, kuma bindigar yaƙi ba don shi aka ƙera ta ba.

Sai dai sayen bindigar shi ne mai sauƙi, ana iya yin bikin miƙa ta a ɗauki hoto. Tsohon ya ce mini harsashi ɗaya yana cin sa kusan yuro 6, wato kusan jika 4 na sefa. Kwali mai guda 20 ya fi mafi ƙarancin albashin wata a ƙasarmu. Ranar nan ni kaɗai na ƙone jika goma sha biyu cikin minti goma, na koyi abu ɗaya tak, cewa ban iya ba. Maganin wannan tsoro na jiki kuwa sananne ne: a koma ƙaramar bindiga, a yi ta matsa kunama da harsashin wofi har ido ya daina runtsewa, sa'an nan a riƙa harba babbar kaɗan-kaɗan, a kai a kai, ba a bari hannu ya manta. A Norwe, mai son harbin manyan namun daji sai ya yi harbin gwaji 30 kowace shekara, sa'an nan ya sa harsashi biyar cikin da'irar santimita 30 a nisan mita 100, in ya kasa ya zauna gida wannan kaka. Faransa ta sa jarrabawar izinin farauta tun 1976, ko da yake ita ta fi duban yadda mutum ke riƙon makami, kuskure ɗaya mai haɗari ya isa a kayar da shi. Mai tsara kasafin kuɗi da ya rubuta bindiga bai rubuta harsashin horo da tudun ƙasa ba, ya saya wa ma'aikacinsa abin tsoro ne kawai, kuma ran da aka kira shi bakin kogi, gaban jama'ar gari, shi ma zai runtse ido kamar yadda na yi.

Washegarin ranar, kafaɗata ta yi shuɗi da kore kamar an zuba mata baba, kwana huɗu ina ɗaga hannun kabbara da dabara. Takardar kuwa tsohon ya naɗe ya ba ni, ya zagaye ramin harbinsa da jan alƙalami don kada wata rana in yi ƙarya da shi. Tana nan cikin akwatina. Shekaranjiya na ɗauki hotonta na aika wa Alhaji: rami ɗaya kusa da baƙi, ɗaya a gefe, na ukun babu shi. Na gaya masa labarin harsashin wofi. Ya kira ni da dare, ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, ai ni ba zan rufe ido ba." Na ce, "Alhaji, ni ma haka na ce."